Kiwon Ɗan Mesa Ba Wasan Yara Ba Ne

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Jama'a, watau wajen watan Afrilu, sai manoman Kafanchan da na Kagoro da Zonkwa da Gidan Waya su duƙufa ga sharar gonakin citta da masara da doya. Daga wannan lokaci ne kuma har zuwa watan Yuni ƙwan mesa ke ƙyanƙyashewa a cikin tsohon suri da ramin gafiya da kogon dutse. Saboda haka ba abin mamaki ba ne manomi ya ɗaga fartanya ya tarar da wani ɗan maciji mai santsi da sheƙi, mai zane ruwan ƙasa da ruwan zinariya, ya dunƙule kamar curin fura ya cusa kansa a tsakiya.

A da can abu biyu ne ke biyo baya, ko dai a sa masa sanda nan take, ko kuwa a ratse a ba shi hanya. A zamanin nan an samu na uku. Samari da 'yan makaranta suna ganin hotunan Turawa a wayoyinsu rataye da mesa a wuya, har ana kiranta dabbar gida kamar kyanwa, sai sha'awa ta kama su. In aka yi dace da ɗan mesa a gona, sai a jefa shi cikin kwalin taliya ko tsohon bokitin fenti, a kai gida a tura ƙarƙashin gado, a zuba masa madara a murfin kwalba, a yanka masa tsokar nama. Kullum da yamma a fito da shi abokai su shafa, a ɗauki hoto. Ba ya kuka, ba ya cizo, ba ya nuna yunwa, sai mai shi ya ɗauka lafiya lau yake. Bayan wata biyu ko uku a buɗe kwali a tarar ya rame fata ta tattare, ko kuma ya riga ya sandare.

Rashin sani ne ke kashe irin wannan ɗan mesa. Mesa dabba ce mai tsananin haƙuri, takan shafe makonni cikin wahala ba tare da wata alama da idon baƙo zai gane ba. Duk wanda ya kulle ta kuwa ya ɗauke mata ikon neman ɗumi da inuwa da ruwa da abinci, ya mai da su duka wuyansa, kuma nauyin ba na damina ɗaya ba ne.

A Fara Sanin Abin Da Aka Kama

Kafin maganar ciyarwa akwai maganar ran mutum. Ƙasar da ke da mesa ita ce kuma ke da kasa da kububuwa, kuma 'ya'yansu suna fitowa duniya da dafinsu. Ɗan kasa gajere ne mai kauri, yana da zane mai ɗaukar ido, yana kwanciya shiru ba ya gudu, shi ya sa wanda bai sani ba zai iya ɗaukarsa ɗan mesa. Bambancin yana jikin fata. Fatar mesa santsi gare ta da sheƙi, ta kasa da ta kububuwa kuwa kaushi gare su, ba sa ƙyalli. Kan kasa faffaɗa ne ƙwarai, kuma zanen bayanta ya yi kama da kan kibiya a jere. Ita kububuwa in ta fusata takan naɗe tana goga jikinta da juna, a ji wata ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe yana karɓar dubban mutane a kowace shekara, kuma mafi yawansu kububuwa ce ta sare su. Macijin da ba a tabbatar da shi ba, ba a kai masa hannu. In kuma tsautsayi ya auku, a garzaya asibiti neman allurar maganin dafi, kada a tsaya tsaga wurin ko ɗaure shi tamau. Abin da ake gani a hannun gardawa ranar kasuwa sana'a ce ta gado, ba a koyonta daga kallo.

Ko an tabbatar mesa ce, da sauran tambaya, domin mesa iri biyu ce a wannan yanki. Akwai ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius. Tsawonta in ta girma ba ya cika wuce ƙafa 4 zuwa 5, takan yi ƙwai 3 zuwa 11, ta naɗe su kwana 55 zuwa 60 har su fashe. Ba ta da faɗa, in ta tsorata ɓoye kai take yi. Ita ce ake kiwo a gidaje a ƙasashen waje. Sa'an nan akwai babbar mesa, Python sebae, wadda babu macijin da ya kai ta girma a nahiyar Afirka. Takan kai ƙafa 10 zuwa 16, wani lokaci ma ta wuce, tana haɗiye akuya da gada. Ɗanta yana da wani baƙin zane kamar kan mashi a tsakar ka, kuma tun yana ƙarami yake huci yana kai sara, barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Babbar mesa ba ta zama a gidan da mutane ke kwana. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, wata babbar mesa ta Afirka mai tsawon wajen mita 4 ta sulale daga ɗakin da aka ajiye ta, ta bi ta bututun iska, ta faɗo inda wasu yara biyu 'yan'uwan juna ke barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6, ta kashe su. Shekara guda kafin nan, a 2012, Amurka ta riga ta hana shigar da irinta ƙasarta. Wanda ya tsinci ɗan babbar mesa ba shi da wani abin yi sai ya mai da shi daji ko ya miƙa shi ga hukuma. Duk bayanin da zai biyo baya a kan ƙaramar mesa ne kaɗai.

Abin Da Doka Ta Ce

Mesa ba tsintuwar da mutum zai ce tasa ce ba. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar CITES mai sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a birnin Washington a 1973, ta fara aiki a 1975. Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta sanya mesa babba da ƙarama cikin jerin dabbobin da aka hana farautarsu da kama su da cinikinsu, kuma a 2016 aka yi wa dokar gyara aka tsananta tara. Hukumar NESREA ce ke bin sawun masu karya ta.

Akwai dalilin wannan tsanani. Tun daga 1975 an fitar da ƙaramar mesa fiye da miliyan 3 daga Afirka ta Yamma, galibi ta Gana da Togo da Binin, zuwa Amurka da Turai. Mafarauta kan tona rami su kwashe ƙwai da uwayen da ke ɗauke da ƙwai, a ƙyanƙyashe, a cika akwatuna a ɗora a jirgin sama. A gida kuma dukawa na neman fatar, masu magani na neman kitsen, wasu na cin naman, ga ƙunar daji kowace shekara. A 2021 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke raguwa a duniya ta sanya ƙaramar mesa cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Wurare ƙalilan ne, kamar Idemili a Jihar Anambra da garin Wida a Jamhuriyar Binin, inda al'ada ta hana taɓa ta.

Saboda haka matakin farko ga mai sha'awa shi ne ya je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarsa ko Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kaduna ya nemi bayani da izini. Mataki na biyu ya nemi yardar mutanen gida da mai gidan haya, domin ranar da maciji ya ɓace a gidan mutane da yawa ba mai barci, kuma ba wanda zai tsaya tambayar ko yana da dafi.

Ɗaki Kafin Abinci

Mafari yakan fara da tambayar me zai ba shi ya ci, alhali masauki ne kan gaba, domin ɗan mesar da bai samu kwanciyar hankali ba ba zai ci komai ba. A daji yakan wuni cikin suri ko rami, inda duhu ne, ga laima, ga ɗumi wanda ba ya hawa ba ya sauka da yawa, sai da dare ya fito. Abin da ake son a kwaikwaya ke nan.

Sabon ƙyanƙyasa tsawonsa inci 10 zuwa 17 ne, nauyinsa giram 50 zuwa 100. Robar ajiya mai murfi, mai tsawon kamar ƙafa 2, ta ishe shi a watannin farko, in ya girma a yi masa akwati mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2. A huda robar da ƙusa mai zafi don shigar iska, amma ƙananan huji waɗanda hancinsa ba zai shiga ba. Murfi ya kasance mai makulli, domin mesa na da ƙarfin tura murfi fiye da yadda ake zato. A shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, a canza ta da zarar ya ɓata. Kada a zuba garin katako ko yashi, suna manne wa abinci su shiga baki. A kifa ƙananan kasake biyu da aka fasa wa ƙofa a gefe, ɗaya a kowane ɓangare, su zama maɓoya, kuma su kasance matsattsu yadda jikinsa zai taɓa bango in ya naɗe. A tsakiya a ajiye kaskon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba, a sauya ruwan kowace rana.

Maciji ba ya yin ɗumin jikinsa da kansa, daga waje yake samu, kuma da wannan ɗumi yake narkar da abinci. Ana son gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen 25 zuwa 27, shi da kansa zai riƙa zaɓen inda ya dace. Ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan ya fi ƙiyasin tafin hannu.

A Kafanchan shekara na zuwa da jarrabawa uku. Ta farko hunturu. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a gindin duwatsun Kagoro yakan sauka ƙasa da digiri 20 sosai, iska kuma ta bushe ƙayau. Ɗan mesar da aka bari a kan siminti a irin wannan dare abincin cikinsa ba zai narke ba, sai ya amayar, ko ciwon huhu ya kama shi. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, dabara ita ce a cika kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta a bayan akwatin ta gefe ɗaya, a lulluɓe rabin akwatin da bargo. Kada abin zafi ya taɓa jikinsa, domin mesa takan kwanta a kan abin da ke ƙona ta ba ta motsa ba. Gawayi a rufaffen ɗaki kuwa yana iya kashe macijin da mai macijin tare. Don maganin bushewar iska a sa jiƙaƙƙen tsumma da aka matse a cikin maɓoya ɗaya.

Ta biyu bazara. A watan Maris akwatin da rana ta haska ta taga, ko wanda ke ƙarƙashin kwano ba silin, yakan zama tanda, kuma zafi ya fi sanyi saurin kisa. Ta uku damina, lokacin da laima ke yawa a wannan yanki mai yawan ruwa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana ruɓar da fatar ciki. A lokacin ne kuma kwarkwasa ke yawo, kuma macijin da ke kulle ba shi da hanyar gudu, saboda haka a ɗora akwatin a kan tebur a tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. Maganin sauro na fesawa da na hayaƙi guba ne ga maciji, ba a amfani da su a ɗakin da yake.

Me Yake Ci, Yaushe, Ta Yaya?

Mesa ba ta shan madara, cikinta ba ya narkar da ita. Ba ta cin tuwo, ba ta cin ƙwari. Tsokar nama ma ba ta wadatar da ita, domin dabba sukutum take bukata, da ƙashi da hanta da hanji da gashi. Daga ƙashin take samun sinadarin gina nata ƙashin. Abincinta a daji ɓeraye ne da 'ya'yan tsuntsaye.

Sabon ƙyanƙyasa ba ya cin komai sai ya yi saɓar farko, kamar mako ɗaya zuwa biyu bayan fitowarsa, domin yana rayuwa ne da sauran gwaiduwar da ke cikinsa. Wanda aka kawo sabon wuri kuma a bar shi mako guda cur ba taɓawa, ba leƙe, ban da sauya ruwa. Bayan nan a gwada shi da ɗan ɓera wanda gashi ya gama fito masa. Ƙa'idar ita ce kaurin ɓeran kada ya wuce wuri mafi kauri a jikin macijin, nauyinsa kuma ya zama kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin macijin. A shekarar farko ana ba shi ɓera ɗaya kowane kwana 5 zuwa 7. In ya tasa a koma kwana 7 zuwa 10, babba kuwa mako biyu ko fiye. Ɗan tsako na iya shiga jefi-jefi ga wanda ya girma, amma ɓera ne ginshiƙi.

Da dare ake ciyarwa, cikin duhu da shiru. A leɓen mesa na sama akwai wasu 'yan ramuka a jere waɗanda da su take jin ɗumin jikin dabba ko a cikin baƙin duhu. Don haka ɓeran da aka kashe yanzu, yana da sauran ɗuminsa, shi ya fi. A riƙe shi da dogon hantsaki, a ɗan motsa shi a bakin maɓoya, kada a riƙa dungurar hancin macijin da shi. In da hannu aka miƙa, ɗumin yatsa da warin ɓera sukan ruɗe shi ya kama yatsan. In bai karɓa ba a ajiye masa a bakin maɓoya a rufe, da safe in yana nan a zubar, a jira mako ya zagayo. Ɓera mai rai kuwa ba a barinsa da maciji a tafi. Macijin da ba ya jin yunwa ba ya kare kansa, ɓera yakan gaigaye shi har ƙashi.

Bayan ya haɗiye a ƙyale shi kwana biyu ba ɗauka. Mafi yawan aman da ɗan mesa ke yi daga abu uku yake zuwa: an ɗauke shi da wuri, ko wurin ya yi sanyi, ko ɓeran ya yi girma. In ya yi amai a dakata kwana 10 zuwa 14 cikinsa ya huta, sa'an nan a ba shi ƙarami. Ɗura ta ƙarfi aikin likitan dabbobi ne, mafari in ya gwada sai ya yi masa rauni a maƙogwaro.

Ɓeran Rumbu Da Zazzaɓin Lassa

A nan ne kiwon mesa a Nijeriya ya sha bamban da na Turai, kuma a nan ne mai kiwo zai iya jefa iyalinsa cikin haɗari. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ɗana tarko a bayan rumbu ko a ɗakin girki, ga ɓera kyauta. To, ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke zirga-zirga tsakanin gona da gida, wanda mesa ke ci a daji, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa da jininsa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, a 1970 kuma ta ɓarke a Jos, maƙwabciyar Kafanchan, ta kashe mutane har da likitar da ke jinyar su. Har yau takan taso kowace shekara, musamman da rani, kuma Jihar Kaduna na cikin jihohin da ake samunta. Mutumin da ke kama ɓeran gida da hannu kowane mako yana neman gira ne, yana iya rasa ido. Sanya ɓeran a firiji ba ya kashe ƙwayar.

Haɗari na biyu a kan macijin yake. Ɓeran da ya yi sanyin jiki har aka kama shi cikin sauƙi, sau da yawa maganin ɓera ya ci a wani gida, gubar kuma tana wucewa ga duk abin da ya haɗiye shi. Ga kuma tsutsar ciki da ɓeran daji ke ɗauke da ita.

Mafita ita ce kiwon farin ɓera, irin wanda ake renon sa don bincike a wurare kamar Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mace takan haihu bayan kwana 19 zuwa 21, 'ya'ya 6 zuwa 12 a lokaci guda, su isa yaye cikin mako uku. Namiji ɗaya da mata biyu sun isa ciyar da ɗan mesa ɗaya. Sai dai su ma suna bukatar keji mai ragar ƙarfe wanda ɓeran gida ba zai kusanta ba, da dusa da hatsi da ruwa da shara. Watau mai son kiwon maciji ɗaya sai ya zama makiyayin ɓeraye tukuna. Wanda zuciyarsa ba za ta iya kashe ɓera kowane mako ba, ko matar gida ba za ta yarda da warinsu ba, gara ya sani tun kafin ya ɗauko.

Saɓa, Ƙin Ci Da Alamun Ciwo

Ɗan mesa mai samun abinci yakan yi saɓa kowane mako 4 zuwa 6. Alamarta fata ta dusashe, idanu su yi fari-fari kamar an zuba musu nono, ya lafe a maɓoya ya ƙi abinci. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, sa'an nan ya tuɓe tsohuwar fatar. In ta fita ɗungurungum kamar safa, laimar ɗakin daidai take. In ta fita gutsi-gutsi, iska ta bushe da yawa, sai a sa shi cikin roba mai jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi na rabin sa'a ya goge da kansa. Wadda ta maƙale a ido ba a ɓanɓare ta da farce.

Ƙin ci hali ne na ƙaramar mesa. Babba yakan yi watanni bai ci ba, musamman da rani, ba tare da ya rame ba. Ƙarami ba shi da wannan ajiya a jiki. Don haka a riƙa auna shi a sikeli kowane mako biyu, a rubuta a littafi tare da ranar ci da ranar saɓa da ranar kashi. In nauyi na raguwa, ko ƙashin baya ya fito kamar tsinin kunya, a fara bincika zafi da maɓoya da yawan taɓawa, domin a nan matsalar ta fi kasancewa.

Alamun da ke bukatar likita su ne numfashi mai ƙara, kumfa ko majina a baki da hanci, zama da baki buɗe, ja ko ruɓa a dadashi, da ƙuraje a fatar ciki. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Zariya da sashen likitan dabbobi na Jami'ar Jos su ne wuraren da suka fi kusa da za a nemi masani. Wanda aka kamo daga daji kusan kullum yana zuwa da kaska a tsakanin ɓawon fatarsa da tsutsa a ciki. Akwai ma wata tsutsa mai suna Armillifer da ke zama a huhun mesa, ƙwanta na fita ta yawu da kashi, tana kuma kama mutum, an sha samunta a jikin marasa lafiya a Nijeriya. Kashin maciji har ila yau yana ɗauke da ƙwayar Salmonella mai sa zawo da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kada a wanke kaskonsa inda ake wanke kwanonin abinci, kada a kai shi kusa da baki don hoto. Yaro ƙasa da shekara 5 da mace mai ciki da tsoho marar ƙarfi su nisance shi.

Ɗauka ma tana da ƙa'ida. Sai ya ci sau uku ko huɗu a jere kafin a fara, minti kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, a tallafe shi ta tsakiyar jiki da hannu biyu. Dunƙulewar da ke burge masu kallo tsoro ne. Mesa takan saba da hannu har ta daina ɓoye kai, amma ba ta sanin mai ita yadda kare ko doki ke yi.

Lissafin Shekaru

Ƙaramar mesa in ta samu kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka akwai wadda ta yi ƙwai 7 a 2020 tana da shekara wajen 62. Yaron da ya ɗauko ɗan mesa yana aji uku na sakandare zai gama makaranta, ya tafi bautar ƙasa, ya yi aure, ya aurar da 'yarsa ta fari, mesar tana nan tana jiran ɓeranta. In aka yi lissafin ɗaya a mako na shekara biyu, sa'an nan ɗaya a mako biyu har shekara 25, ɓeraye wajen 700 ke nan. Wa zai riƙe ta in ya yi tafiya? Wa zai tashi cikin daren hunturu ya sauya ruwan kwalba? Musulmi da Kirista na wannan yanki sun haɗu a kan cewa dabbar da mutum ya tsare tana da haƙƙi a kansa, kuma za a tambaye shi.

Wasu kan ce tausayi ne ya sa suka ɗauko shi, sun gan shi shi kaɗai ba uwa. Ɗan ƙaramar mesa ba maraya ba ne. Daga ranar da ya bar ramin da aka ƙyanƙyashe shi ya san yadda zai ɓuya, ya san yadda zai yi farauta, uwar ba ta shayar da shi, ba ta kawo masa abinci. Wanda ke da irinsa a kwali yanzu, in bai daɗe a hannu ba kuma ba shi da rauni, abin da ya fi shi ne ya mai da shi kusa da inda aka same shi, da magariba, a gindin suri ko cikin duhuwa nesa da hanya da gidaje. In ya daɗe a hannu, ko yana ciwo, ko sayo shi aka yi daga wani wuri, kada a sake shi haka nan, a tuntuɓi jami'an gandun daji ko gidan namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972.

Manomin da ya bar mesa a bakin gonarsa bai yi asara ba. Kowane ɓera da ta haɗiye a can, ɓera ne da ba zai shiga rumbun masara ba, ba zai yi fitsari a kan garin da aka shanya ba. Aikin da take yi ke nan tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, ba da ladan kowa ba, kuma ba ta bukatar kwalbar ruwan ɗumi in hunturu ya kama.